Na'urar da Baba Tsawa Ya Naɗa Alƙali

Zargi mugun ciwo ne, kuma mai shi ba ya sanin yana ɗauke da shi. Mai zargi tun da safe yake yanke hukunci, ya yini yana neman wanda zai gyaɗa masa kai. Wani ya samu ɗan kanzagi, wani ya samu magulmaciya. Shi kuwa maigidan kafintocin da zan ba ku labarinsa, nasa mai gyaɗa kan a cikin ɗan akwati ya same shi, mai aiki da batir.

Baba Tsawa ake ce masa, amma a bayan idonsa. Shagonsa doguwar rumfar kwano ce a bakin titi, tsakanin mai faci da kantin magani. A gaba kujeru da gadaje ne da aka gama suna shan iska, a baya kuma ɗakin ajiya mai ƙofar ƙarfe, inda katako mai tsada da fenti da injuna suke kwana. Makullin ɗakin a wuyansa yake rataye, har wanka da shi yake shiga. Mutum ne da in ya ce "Miƙo min guduma!" sai mai facin da ke maƙwabtaka ya zabura ya fara laluben guduma.

Shagon da sunansa ake kiransa, amma hannun da ke riƙe da shi na Bahago ne. Bahago ya shigo shagon gemunsa bai fito ba, ga shi yanzu furfura ta fara leƙo masa. In ya haɗa katako biyu, ko allura ba za ta samu wurin shiga ba. Masu kawo aiki sukan gaisa da Baba Tsawa da ladabi, sannan su rage murya su ce, "Bahago ne dai zai yi, ko?" Aibinsa ɗaya, ba shi da zuciyar ɗaukar tsawa. Da an ɗaga masa murya sai i'ina ta sarƙe shi, tafin hannunsa ya jiƙe sharkaf, ko da kuwa tambayarsa aka yi ina ya ajiye fensir.

Akwai kuma Sumul, ƙanin matar Baba Tsawa. Ya zo ne da sunan kwana biyu, har aka manta yaushe ya zo. Ba ya riƙe zarto, wai ƙurar katako tana sa shi atishawa. Aikinsa a shago shi ne zama a kan sabbin kujeru, a cewarsa yana gwada ƙarfinsu. Tun zuwansa ƙananan abubuwa suka fara yin ƙafa: yau gwangwanin fenti, gobe kwalin ƙusa, jibi takardar goge katako. Baba Tsawa ya zargi kowa a titin nan, har da mai kawo ruwa, ban da mai zaman kujera.

To, ana nan sai ciwon kai ya kama Baba Tsawa, irin wanda ke farawa daga ƙeya ya ɗaure wuya ya sauko kafaɗu. Ya sha ƙwayoyi har mai kantin magani da kansa ya ce ba zai ƙara sayar masa ba, ya tafi asibiti. Tunda juya wuya ya gagare shi balle tuƙi, Sumul ne ya goya shi a babur. Aka auna jini, aka ɗauki hoton kai, aka ce ba a ga komai ba. Daga nan aka tura shi wani ɗaki a ƙarshen baranda, wurin wata likita 'yar siririya da ba ta fi sa'ar 'yarsa ba.

Ɗakin ba allura, ba warin magani. Kujera ce mai laushi, da tebur, da allon kwamfuta. A gefe wata yarinya da karatu ke ba wahala tana zaune da uwarta, an manna mata wayoyi, tana kallon wani jirgin ruwa a allo. In ta natsu jirgin ya tafi, in hankalinta ya watse ya tsaya cak.

Likita ta ɗauko wata 'yar na'ura da ba ta fi sabulun wanka ba, ta ɗaura wa Baba Tsawa wayoyinta a yatsu biyu, ta kunna. Nan take abin ya saki kuka, ƙiiii, kamar an taka wutsiyar kyanwa.

"Me ya same ta?" in ji Baba Tsawa.

"Kai ne ka same ta, Baba. Gumin yatsunka take ji. In jikinka ya ɗaure sai kukanta ya hau, in ka saki jiki ya sauka. Kai kuwa jikinka a ɗaure yake kamar mai jiran mari. Wannan ɗaurin yana cikin abin da ke kawo maka ciwon kan."

"To sai a ba ni maganin kwancewa."

"Maganin yana ƙirjinka. Ka ja numfashi ta hanci a hankali, har cikinka ya taso. Sannan ka sake shi sannu-sannu, kamar mai hura shayi. Ka sauke kafaɗun nan, sun kusa taɓa kunnenka."

Baba Tsawa ya dube ta sama da ƙasa. "'Yata, tun ranar da aka haife ni nake numfashi, ba wanda ya koya min."

Na'ura ta ƙara ƙaimi. Yarinyar da ke gefe ta tuntsire da dariya, jirginta ya tsaya.

Haka aka yi ta zuwa duk mako. Baba Tsawa yana zama ya yi huci kamar mai hura wutar maƙera, ya ce ya gama. Sumul kuwa, da zaman jira ya ishe shi a benci, sai ya ce, "Anti likita, ɗan ɗaura min mana in ɗanɗana." Ta ɗaura masa. Shi da ma ba abin da ke damunsa a duniya, ga lokaci har ya yi masa yawa. Kafin wani ɗan lokaci ya iya sauke kukan na'urar har ya koma kamar minsharin jariri. Baba Tsawa bai ko lura ba, yana can yana mitar an ɓata masa rabin yini.

Da likita ta ga zuwan mako-mako ba ya wadatarwa, sai ta ba shi aron na'urar ya tafi da ita gida. Ta ce safe da yamma ya samu wuri shiru ya zauna da ita. Shi kuwa wurin shirun da ya zaɓa shi ne tsakiyar shago, kusa da injin yanka katako, don kada a yi ha'inci yana rufe da ido.

Ran nan yana zaune da wayoyi a yatsu, na'ura tana 'yar ƙara ƙasa-ƙasa, sai mai faci ya leƙo.

"Maƙwabci, ya kan? Ka samu sauƙi kuwa?"

Kan Baba Tsawa a lokacin kamar ana buga ƙusa a ciki. Amma ba ya son a ce ciwo ya kayar da shi. Ya ce, "Garau nake!"

Ƙiiiii!

Shago ya kwashe da dariya. Mai faci ya riƙe ciki ya ce, "Ga shi nan ta tona ka!"

Kowa ya yi dariyarsa ya koma aiki. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Baba Tsawa ya ɗaga 'yar na'urar ya juya ta gaba da baya, idonsa yana ƙyalli. Ashe abin da aka ba shi ke nan, 'yar likitar nan ta tsaya tana yi masa zancen hura shayi? Abin da ya yi shekaru yana nema, mai gaya masa wanda ke yi masa ƙarya, ga shi a tafin hannunsa, kuma kyauta.

Da matarsa ya fara gwaji. Ya dawo da yamma tana tsakar gida tana ninke wanki, ya ce ta ajiye ta miƙo hannu.

"Na me?"

"Ke dai miƙo."

Ya ɗaura mata, ya gyara zama, ya haɗe gira. "Uwar yara, tsakaninki da Allah, kina karanta saƙonnin wayata in na shiga wanka?"

Baiwar Allah, rabon da a titsiye ta haka tun tana 'yar makaranta. Gabanta ya faɗi, na'ura ta tsala ihu.

"Na kama ki!"

"Ka kama wa? Ni da ko buɗe wayar taka ban iya ba?" Ta kwance wayoyin, ta cafko hannunsa kafin ya ankara, ta ɗaura masa. "To bari mu ji naka. Baban yara, girkina da na mahaifiyarka, wanne ya fi daɗi?"

Bai ma buɗe baki ba na'ura ta fara. Ya ce, "Naki mana," ta ƙara sama. Ya ce, "To, nata," ta ƙara sama, har karen maƙwabta ya amsa.

Matar ta ce, "Ka gani? Abin nan kowa ya tsorata kuka yake yi. Ka mayar wa masu shi kafin ya raba ka da mutane."

Amma mai zargi ba ya jin irin wannan magana. Abin da Baba Tsawa ya fahimta shi ne, tambayar ce ta zo da makirci, na'ura kuwa ta yi aikinta.

Ba a daɗe ba sabon injin huda katako ya ɓata, wanda ko ledarsa ba a gama cirewa ba. Da safe yana kan kanta a ɗakin ajiya, da rana babu shi. Baba Tsawa bai yi ihu ba, abin da ya fi tsorata kowa ke nan. Ya sa aka kashe injuna. Ya jawo wani teburin cin abinci da ke jiran mai shi, ya zauna a kai, ya ɗora na'ura a tsakiya, ya ajiye kujera ɗaya a gabansa. Mai faci ya bar taya a cikin ruwa ya zo kallo. Mai kantin magani ya tsaya a bakin ƙofarsa yana miƙa wuya.

"Yau za a san ɓarawo. Bahago, zo nan."

Bahago ya ajiye abin goge katako. "Ni, maigida?"

"Da kai za a fara, kai ne babba."

Tun kafin ya zauna hannunsa ya jiƙe. Da aka ɗaura wayoyin, ba a ma yi tambaya ba na'ura ta fara kiran jama'a.

"Ban ce komai ba tukuna, har ta fara ba da shaida. Bahago! Ina injina?"

"Ma-ma-maigida, wa-wallahi..."

Ƙiiiiii!

"Ka ji ta? Ba ni na faɗa ba!"

"Maƙwabci," in ji mai faci, "ka bi a hankali. Mutumin nan ko ƙusa ya tsinta a titi sai ya kawo maka."

"Kai ka koma kan tayarka."

Sumul yana kishingiɗe a kan wata doguwar kujera yana sakace. Ya miƙe a kasalance ya ce, "Yaya, don kada a ce an yi son kai, ni ma a ɗaura min. Ai ni ma a shagon nake yini."

Baba Tsawa ya ji daɗin wannan magana. Aka cire wa Bahago aka ɗaura wa Sumul. Sumul ya jingina, ya sauke kafaɗu, ya lumshe ido. Cikinsa ya taso a hankali, ya sauka a hankali. Kukan na'ura ya yi ta gangarowa har ya koma ɗan gurnani.

"Kai ka ɗauki injina?"

Sumul ya saki numfashi sannu-sannu, kamar mai hura shayi. "A'a, Yaya."

Na'ura ba ta motsa ba.

"Ka taɓa ɗaukar wani abu a shagon nan?"

"Ni? Ko ƙurar katako ba na so ta bi ni gida."

Na'ura ko tari ba ta yi ba. Baba Tsawa ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, ya buga tebur. "Kun ga yadda mai gaskiya yake!"

Bahago ya juya. Ya shiga ciki ya ɗauko jakar kayan aikinsa, ya zazzage ta a gaban kowa: guduma, kurfi, tsohon zarto, ma'auni, duk nasa ne, wasu ma na mahaifinsa. Ya mayar da su ɗaya-ɗaya. Abin mamaki, da ya zo magana i'inar ba ta zo ba.

"Maigida, na girma a gabanka. In bayan duk shekarun nan sai ka tambayi batir kafin ka san ni, to ka zauna da batir ɗin. Na bar ka lafiya."

Ya rataya jaka ya tsallaka titi. Baba Tsawa ya bi shi da ihu, "Ka dawo min da injina!" Sannan, don ya ƙona masa rai, ya cire makullin ɗakin ajiya daga wuyansa a gaban kowa, ya rataya wa Sumul.

Da labari ya kai gida, matarsa ta dafe kai. "Sumul ka ba makulli? Ni na goya yaron nan. Yana ƙarami zai cinye naman miya, bakinsa da maiƙo, ya dube ka ido cikin ido ya taya ka nema."

"Hassada kike wa ɗan'uwanki. Na'ura ta wanke shi."

"To Allah ya ba ka haƙurin abin da za ka gani."

Ranar mayar da na'ura ta zo. Sumul ya ce ba zai samu kai shi ba, ai yanzu amana tana wuyansa, ba ya son barin shago. Baba Tsawa ya yaba da wannan hankali, ya tari motar haya ya tafi shi kaɗai, yana ta shirya yadda zai roƙi a sayar masa da na'urar gaba ɗaya.

"Baba, ya kan?" in ji likita.

"Bar zancen kai, 'yata. Ashe dukiya kike riƙe da ita ba ki sani ba! Abin nan ya kama min ɓarawo." Ya kwashe labari ya gaya mata, har da kwaikwayon i'inar Bahago.

Likita ta cire tabarau ta ajiye. Ta jawo na'urar gabanta.

"Baba, miƙo hannunka."

Ta ɗaura masa. Ta bari kukan ya ɗan lafa, sannan ta buga tebur da tafin hannu, ta daka masa tsawa: "Kai kafinta ne?"

Ya zabura. "E!"

Ƙiiiii!

"To ga shi ta ce ƙarya kake. Sai mu ce kai mai faci ne?"

Ta kashe na'urar ta ci gaba.

"Abin nan bai san gaskiya ba, bai san ƙarya ba. Gumi ya sani. Mai gaskiya in ya tsorata zai yi gumi. Maƙaryaci in ya iya kwantar da jikinsa ba zai yi ba. Kwantar da jikin kuwa shi ne abin da nake ta fama in koya maka, ka ƙi." Ta fara naɗe wayoyin. "Da ma ƙaninka ka yi koyi da shi. Ban taɓa samun wanda ya kama abin nan da wuri kamarsa ba. Ran nan da ka fita biyan kuɗin kati, ya ce min shi ne ya gina asibitin nan, kuma yana da jirgin sama biyu. Na'urar ko motsi ba ta yi ba. Mun sha dariya."

Baba Tsawa bai yi sallama ba. Mutumin da juya wuya ke gagara, sai ga shi yana tsallake benci a baranda. A mota ya yi ta yi wa direba tsawa ya ƙara wuta, har direban ya tsaya ya ce in ya fi shi iyawa ya zo ya karɓa.

Ya tarar da ƙofar ɗakin ajiya a buɗe, makulli a jikin kwaɗo yana lilo. Mai faci yana zaune a bakin rumfarsa.

"Ina Sumul?"

"Ai tun da ka fita ya kawo motar ɗaukar kaya. Ya ce ka kama sabon shago, ka sa shi ya fara kwashewa. Har ni na taya su ɗora babban injin, nauyi kamar me."

"Kuma ka yarda?"

"Yo ni wa? Mutumin da ka tara mu ka ce ba ya ƙarya?"

Washegari Baba Tsawa ya haɗiye girman kai ya tsallaka titi. Bahago ya samu wata 'yar rumfa a bayan gidan mai, ya kafa benci, sauran ma'aikatan shagon biyu suna tare da shi. Ya tashi ya gaishe da tsohon maigidansa da ladabi, ya goge masa kujera, ya aika aka kawo masa ruwa mai sanyi. Baba Tsawa ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce a manta da abin da ya wuce, shago yana jiransa.

Bahago ya ce, "Na yafe, maigida, har zuciyata. Amma ka ga tunda na dawo nan, ko sau ɗaya harshena bai sarƙe ba. Ina ganin zan zauna."

Ga abin da zargi ya ci wa Baba Tsawa. Ya ci masa Bahago, da ma'aikata biyu da suka bi shi, da masu kawo aiki, waɗanda yanzu suke gaishe shi daga cikin mota su wuce bayan gidan mai. Ya ci masa katakon ɗakin ajiya kaf, da fenti, da babban injin yanka, da ƙaramin da aka fara rigimar a kansa. Ya ci masa babur, don a kansa Sumul ya bi motar kayan. Na'ura ta koma wurin masu ita, likita ta ce ba za ta sake ba shi aro ba sai dai ya zo ya zauna a gabanta. Matarsa kuwa, duk lokacin da ya tambaye ta wani abu, ko da ina takalminsa ne, sai ta miƙo masa yatsu biyu. Abu ɗaya ne Sumul bai ɗora a mota ba, shi ne ciwon kan, yana nan daram daga ƙeya har kafaɗu.